Zomanyar Ƙanƙara: Shafi na 19

Masu turo min saƙo wai na cika tsananta wa Arvo, ku karanta na yau tukuna. Ban ƙara masa gishiri ba, halinsa ne haka.

*

Sau uku Arvo Koskela yana cewa ba za shi ba. Na farko a wurin karin kumallo, na biyu yana kankare ƙanƙara daga gilashin mota, na uku kuma yana riƙe da sitiyari sun riga sun hau titi. Matarsa Marlene ba ta tanka masa ko ɗaya ba. An kira ɗansu Darryl aiki a kamfanin takarda ranar Asabar ɗin, matarsa tana fama da jego, tikiti kuma an riga an yanka. Dole wani ya kai Aili, jikarsu 'yar shekara biyar, ta ga Zomanya Pimpi ta cikin katun tana zamiya a kan ƙanƙara ido da ido.

Rabon Arvo da shiga filin ƙanƙara shekara bakwai, kuma duk unguwarsu a Thunder Bay an san dalili. Hunturu goma sha biyu ya yi yana kafa katako a bayan gida, yana tsaye da mesa yana ba ƙasa ruwa har ya daskare ya zama filin zamiya kamar madubi, duk don 'yarsa Kaisa. Ta zo ta biyu a gasar zamiyar ƙanƙara ta lardi tana shekara goma sha bakwai. Tana cika sha tara ta sa hannu a takardar masu wasan katun, waɗannan da ke yawo gari gari a bas. Ranar, a kan teburin abinci, ya gaya mata bai daskarar da yatsunsa shekara goma sha biyu don ta kifa kan zomo ta yi wa yara rawa ba. In ta tafi, kada ta kira gidan. Ta tafi, ba ta kira ba. Shi kuma ya ɓalle katakon ya shuka dankali a wurin.

A wurin ajiye motoci ya ga manyan motocin masu wasan, an zana musu zomo mai haƙora biyu a jiki. Ya kashe mota bai fita ba.

"Marlene, kamfanin nan ne?"

"Kamfanonin wasan nan sun fi goma, Arvo."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Ta buɗe jakarta ta shiga neman abin da ba ta ajiye ba. Shekara talatin da takwas suna tare, ya san in ta buɗe jakar nan akwai magana a ƙasa. Ya kai hannu zai tayar da mota, sai Aili ta leƙo daga baya ta kama masa kunne.

"Kaka, in muka makara Pimpi za ta yi fushi."

Ya zare makulli.

Cikin zauren kamar an buɗe kejin kaji. Yara dubu suna ihu, kowa riƙe da sandar roba mai walƙiya, ƙasa duk gugguru da alewar auduga. Arvo ya zauna ya harɗe hannu, ko rigar sanyinsa bai cire ba. Aka kashe fitilu, kiɗa ya tashi, agwagwa da kwaɗo da wata ƙatuwar bushiya suka zubo kan ƙanƙara.

Shi bai kalli fuskokin robar ba. Ƙafafu yake kallo, tun yana saurayi haka yake. Ya ce wa Marlene kwaɗon nan gwiwarsa a sandare take, agwagwar kuma ƙarfen takalminta ya dakushe, yana jin kukan ƙanƙarar daga nan. Ta ce ya yi wa Allah ya bar yara su ji daɗinsu, ba alƙali aka ɗauko shi ba. Ya ce shi dai abin da ya gani ya faɗa.

Sai aka haska fitila ɗaya, zomanya ta fito.

Fara ce, kunnuwa har gadon baya, kai kamar tukunyar biki. Aili ta miƙe a kan kujera tana kiran sunanta. Zomanyar ta zagaya filin sau ɗaya da baya da baya, ta rage gudu a tsakiya, sannan ta ƙwanƙwasa tsinin takalmin dama a kan ƙanƙara.

Ƙwas. Ƙwas.

Ta yi sama, ta juya sau biyu da rabi, ta dire a ƙafa ɗaya ko kunnen bai karkace ba.

Arvo ya saki hannayensa.

Babu kocin da ke koyar da wannan ƙwanƙwasawar a duniya. Shi ya ƙirƙiro ta. Ƙanƙarar bayan gida takan yi kogo, iska ta shiga ƙarƙashinta, sama lafiya lau ƙasa fanko. Shi ya sa ya koya wa Kaisa tun tana shekara shida ta ƙwanƙwasa sau biyu ta saurara kafin ta yi tsalle. Koci uku sun yi fama su raba ta da ɗabi'ar, sun gaji sun bari.

Ya damƙi hannun Marlene.

"Ita ce."

"Arvo, saurara."

"Kin sani. Kin sani kika jawo ni."

"Ba yadda kake zato ba ne. Bari in gaya maka tun kafin..."

"Shekara bakwai kina da bakin gaya min. Yanzu kuma riƙe kayanki."

Wata mata a bayansu ta ce su rage murya. Marlene ta sake buɗe baki, ya ɗaga mata hannu kamar yadda yake yi wa karensu. Ta sa hankici a hanci.

Sauran wasan bai san me aka yi ba. An yi wuta, an yi dusar ƙanƙara ta ƙarya, bushiya ta faɗi da gangan yara sun yi dariya. Shi zomanyar kawai yake bi. Tsalle huɗu ta yi, kowanne sai ta ƙwanƙwasa. Abin da ke cin sa ke nan. Ya kore ta, ya tone filinta, ya sa dankali, amma yarinyar nan tana ɗauke da abinsa gari gari ba ta yar ba.

Ana kunna fitilu ya tambayi wani mai share kujeru yaushe masu wasan za su tashi. Ya ce ƙarfe shida bas ɗinsu zai kama hanyar Winnipeg. Arvo ya duba agogo. Huɗu da kwata. Ya san kansa, in bas ɗin nan ya tashi bai yi magana ba, to sai dai a jana'izarsa.

Marlene ta fito da wasu zobban takarda uku na ɗaurawa a hannu, na shiga ɗakin ɗaukar hoto da 'yan katun. Bai tambaye ta inda ta samo ba. Ya miƙa hannu ta ɗaura masa.

"Arvo, don girman Allah ka ba ni minti ɗaya kafin mu shiga."

"In kin ƙara magana zan bar ku a nan ku hau tasi."

A bakin ɗakin wani ƙato mai jar riga yana karanta doka kamar ɗan sanda. Kowane iyali minti ɗaya. Kada a ja kunne, kada a ja jela. 'Yan katun ba sa magana, ba sa cire kai a gaban yaro, ko da gini zai faɗo, wanda ya yi a bakin aikinsa. Mai tambaya ya tambayi mai rakiya.

Kowane ɗan katun da mai rakiyarsa, don a cikin kan nan mutum ba ya ganin gabansa sosai, sai an riƙe masa hannu. Ta zomanyar wata mata ce cikin baƙaƙen kaya, da hula mai baki da takunkumi, da oba-oba a kafaɗa. Tana ɗingisa ƙafar hagu, takalmin ma ya fi na dama tudu. Ita ke jera mutane, ita ke karɓar waya ta ɗauki hoto, ita ke gyara wa zomanya kunne in ya lanƙwashe.

Arvo ya riƙa ba na bayansa hanya har suka zama na ƙarshe. Minti arba'in yana tsaye yana kallon ƙafafun zomanya, yana haɗa magana a ransa tana rushewa. Sau biyu mai rakiyar tana zuwa ta taɓa masa hannu.

"Yallaɓai, a ɗan matsa bayan layin nan."

Ya matsa, bai ko juyo ba.

Da layi ya zo kansu Aili ta ruga ta rungume cikin zomanyar. Aka ɗauki hoto. Mai rakiyar ta miƙa wa Marlene wayarta, ta nuna musu ƙofar fita. Arvo ya ture hannunta gefe.

"Matsa min, baiwar Allah. Da 'yata zan yi magana."

Ya tsaya gaban ƙaton kan, yana kallon ragar da ke cikin bakin, inda ya san nan idanu suke.

"Na san ba a yarda ki yi magana ba. Ya fi min ma. Ki tsaya ki ji."

Zomanyar ta ɗaga hannuwa biyu tana girgiza su.

"Tsallen ya yi. Na uku kin ɗan saki kafaɗa, amma ya yi. Da wannan tukunyar a kanki, ban san wanda zai iya ba."

Ta girgiza kai, kunnuwa suna kaɗawa. Aili ta yi dariya, ta zaci wasa ne.

"Bar girgiza min kai, na gane ki tun ƙwanƙwasawar farko. Ni na koya miki."

Marlene ta ce, "Arvo."

"Dankalin ma bai yi ba," ya ce. "Shekara bakwai bai taɓa yin kirki ba, ƙasar ta sha ruwa da yawa. Katakon yana nan a gareji, ban ƙona ba. Takalminki na farko ma yana nan. Uwarki ta yi miyar kifi. Shida da saura, da mota minti goma ne. Ki zo ki ci, ni zan dawo da ke."

Zomanyar ta juya tana neman mai rakiyarta, tana nuna ta da hannu. Arvo ya ɗauka tsoron doka take ji. Ya yi tsaki.

"Rabu da ita, ba abin da za ta yi miki. Ni abin da ya sanyaya min rai, kina kan ƙanƙara. Da kan zomo ko babu, kina kan ƙanƙara. Tsorona kullum kada in zo in tarar kin lalace, kin koma ɗaukar kayan wasu. Kamar wannan gurguwar da ke gyara miki jela."

Ƙaton mai jar riga ya sunkuyar da kai.

Mai rakiyar ta danna oba-oba ta ce a rufe ƙofar zomo, an gama. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba:

"Mama, fita da yarinyar."

Arvo ya ji kalmar, amma ba ta zauna masa ba. Ya ga Marlene ta ɗauki Aili tana cewa Pimpi ta gaji za ta sha ruwa. Ya ga ƙaton ya bi su ya ja ƙofa. Suka rage su uku.

"Haruka, cire. Ba yaro," in ji mai rakiyar.

Zomanyar ta sa hannu biyu ta ɗaga kan. Wata 'yar siririyar yarinya ce, baƙin gashi ya manne mata a goshi da gumi, ba za ta wuce shekara ashirin ba. Kuka take yi. Ta ce ya yi haƙuri, ta yi ta nuna masa, ba ta da izinin magana.

Arvo ya kalle ta, ya kalli takalminta.

"Wa ya koya miki ƙwanƙwasawa?"

"Ni," in ji mai rakiyar.

Ta cire hular, ta ja takunkumin ƙasa.

Bai san lokacin da ya dafa bango ba. Ta rame, ta yanke gashin nan da uwarta ke yi mata kitso biyu ranar gasa. Amma Kaisa ce. Idonsa ya sauka kan takalmin hagu mai tudu, ya kasa ɗagowa.

"Me ya samu ƙafar?"

"Sannu, Baba. Ina wuni. Na same ku lafiya?"

"Kaisa, me ya samu ƙafar?"

Ta yi wata dariya marar daɗi, ta ce wa Haruka ta ga, ba ta faɗa mata ba? Sannan ta ba shi labarin a tsaye, kamar mai karanta takardar asibiti. Shekara uku ke nan, a Saskatoon, tana tsakiyar wasa idon sawun ya tafi. Ta ƙarasa wasan a kansa, don zomo ba ya faɗuwa ya ƙi tashi a gaban yara. An yi mata aiki sau uku, ƙarfe shida ne a ciki yanzu. Ba za ta ƙara sa takalmin ƙanƙara ba har ta mutu. Kamfanin ya ce in tana so ta zauna ta riƙa rakiya, ta zauna, don ba ta iya komai ba, ba a bar ta ta koyi komai ba.

"Uwarki ta sani?"

"Zuwa Sudbury da ta yi sau uku wurin Anti Helmi, kana tsammanin Anti Helmi ce aka yanka?"

Ya ce da ma ya faɗa, wasan nan na banza ne, wasa biyu a rana, ƙanƙarar haya, kai mai nauyin buhu. Ya ce da ta ji maganarsa ta tsaya a gasa...

"Likitan ya tambaye ni wa ya ɗaura min karayar farko."

Ta ci gaba, ba ta jira shi ba.

"Na ce ban taɓa karaya ba. Ya juyo min da hoton ƙashin ya nuna min. Ya ce wannan tsohuwa ce, ta fi shekara takwas, ta haɗe a karkace. Ya ce tun daga ranar nake tsalle a kan ƙafar da ke jiran ranarta."

Arvo ya tuna. Ba ya so, amma ya tuna. Tana shekara goma sha huɗu, saura kwana biyu gasa, ta dire ba daidai ba a bayan gida. Ƙafar ta kumbura kamar burodi. Marlene ta ɗauko makullin mota za su asibiti, ya karɓe. Ya san in likita ya gani zai hana ta gasa. Ya naɗe ƙafar da salatif ɗin sandar hoki, ya ɗaure takalmin tamau da hannunsa, ya ce mata ciwo a ka yake. Ta zo ta uku. Lambar yabon tana rataye a falo har yau.

"Targaɗe ne," ya ce. "Na ɗauka targaɗe ne."

"Na sani. Ban zo don wannan ba, na daɗe da gama kukansa."

"To me ya sa kika koya mata abina?"

"A cikin kan nan ba a ganin ƙasa, sai dai a ji ta. Abin yana da amfani. Shi kaɗai ne na fito da shi daga gidanka bai karye ba."

Ta karɓi kan zomon daga hannun Haruka, ta rungume shi a ƙugu kamar kwando.

"Ni na aika wa Mama tikitin. Na ce ta kawo ka, kada ta gaya maka komai. Na yi wa kaina alkawari, in ka ɗago ka kalle ni sau ɗaya a layin nan, zan bi ku gida in sha miyar kifin, in bar duk abin da ya wuce. Minti arba'in, Baba. Na taɓa hannunka sau biyu. Na yi maka magana."

"Kin rufe fuska."

"Aili ba ta taɓa ganina ba sai a waya, amma tun a layi take ɗaga min hannu. Idona a waje yake."

Ya buɗe baki, ta riga shi.

"Ko yanzu ƙafar kake kallo."

Gaskiya ne. Ya yi ƙoƙarin ɗagowa, amma ta riga ta juya. Ta kama hannun Haruka, suka nufi ƙofar baya, tana jan ƙafar, kunnen zomo ɗaya yana share ƙasa. Oba-oba ya yi ƙara, wani yana cewa a fara loda kaya, bas shida daidai.

"Kaisa."

Ba ta tsaya ba.

"Kaisa, 'yar nan. Na ce ki zo gida."

Ta tsaya, hannunta a kan ƙofa. Ta tura Haruka ta wuce. Ba ta juyo ba, ƙeyarta kawai yake gani.

"Tambaya ɗaya. In ka amsa, ka je ka tayar da mota ina zuwa. In ba ka amsa ba, kada ka ƙara nemana, ni ma na huta."

"Tambayi."

"Idona wane launi ne?"

Arvo ya san lambar takalminta tun daga na farko har na ƙarshe. Ya san faɗin ƙarfenta, ya san ramin da take so a wasa masa, ya san wace yatsa ce ke fara yi mata kanta. Ya waiga wajen ƙofar gaba. Marlene tana tsaye bayan gilashi da Aili a kafaɗa. Ta ji tambayar. Ya kafe ta da ido yana roƙo.

Marlene ta juya masa baya.

"Ina jin ka, Baba," in ji Kaisa. "Biyar da minti goma."